Shuɗiyar Tabarmar da Salima Ta Ƙwace

Ku da kuke ta rubuto min a ƙasa cewa "Mansura akwai hankali, Mansura akwai natsuwa", ku gyara zama. Yau za ku janye maganarku, kuma ba zan ji haushi ba, don na fi ku sanin abin da na aikata. Sabbin shigowa, sannunku. Sunana Mansura, a nan Gaya aka haife ni, ina aiki a biron tiranzit, wato ofishin masu fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga duwan, kwastan kenan. Sunayen da za ku ji duk na canza su, kada wata ta ɗauki salula ta fara kiran ƙawarta.

Aikina neman kuskure ne. Takardun kamiyo, manyan motocin kaya, su zo gabana, in bi su layi-layi har in gano inda aka rubuta buhu a maimakon katan. Patron, maigidanmu a biro, yana yabona a kan haka. Matsalar ita ce idan na tashi daga aiki idon nan ba ya tashi, sai ya juyo kaina. Wallahi akwai wata 'yar duwan a cikin kaina, da kakinta da hularta. Kowane tunani ya zo wucewa sai ta ɗaga hannu ta ce a sauke kaya. Me ya sa kika yi dariya da ƙarfi a gidan sunan Asabe? Me ya sa patron ya ce "to" kawai, bai ce "to madalla" ba? Wannan ɗaurin ɗankwalin, kin duba madubi kuwa? Haka nake yini da ita, har wuyana ya sandare, kafaɗuna suka haye kusa da kunnuwana.

Ciwon wuyan ne ya kai ni wurin Tanti Ikilima. Ungozoma ce a matanite, asibitin haihuwa, ta yi shekaru a Kwatano, can ta koyo yoga. Bayan la'asar take koyar da mata a tsakar gidanta, ƙarƙashin mangwaro, a rufe ƙofar gida ruf. Innata ta fara cewa ba ta yarda da lanƙwashe-lanƙwashen nan ba, sai da ta je da kanta ta zauna a kujera ta kalla. Ta ga da bisimilla ake farawa, miƙa ce da numfashi, ba a rusuna wa kowa. Ta dawo gida tana cewa, "Yo abin da kyanwa ke yi kowace safiya ne ake zuwa koyo?" Amma ta bar ni.

A ajin nan ni ce 'yar baya. Kusa da randa nake shimfiɗa zanena, don ba ni da tabarmar roba irin tasu. Idan aka ce a taɓo yatsun ƙafa, hannuna a gwiwa yake tsayawa. Idan aka ce tsayuwar giginya, wato a tsaya da ƙafa ɗaya a ɗaga hannuwa sama, ni ce giginyar da ke faɗuwa. A layin gaba kuwa akwai Salima.

Bari in gaya muku Salima, ko da zuciyata tana zafi. Doguwa ce, siririya, wuyanta kamar an ja shi da hannu. Wando baƙi take sawa da doguwar riga ruwan toka, amma a jikinta sai ka ce shadda. Ta lanƙwashe ta miƙe ba nishi ba gumi. Tanti ta ce a rufe ido, kowa ya rufe, ni kuwa in buɗe ɗaya ina kallon bayanta. 'Yar duwan ta ce, "Kin ga mace. Ke kuma dubi cinyarki."

To duk wannan da sauƙi, da a ce Salima ba taubashiyar Zahradeen ba ce.

Zahradeen direban kamiyo ne, yana ɗauko kaya daga Kwatano ya bi ta nan ya wuce Yamai. Baƙi ne mai wushirya, idan ya yi dariya sai ka yi ko ba ka ji abin dariyar ba. A biro muka haɗu, na kama kuskure a takardarsa, ya ce shi ma ya kama wani abu amma ba zai faɗa ba sai a ƙofar gidanmu. Tun damina yake zuwa. Baba ya ce ya turo manya. Wanda zai jagoranci manyan shi ne Kawu Dodo, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansa. Kawu Dodo kuwa shi ne mahaifin Salima. Gida ɗaya suka tashi, kwano ɗaya suka ci.

A gidanmu Baba ba ya tambayar 'yarsa zancen aure da bakinsa. Yayarsa, Gwaggo Yalwa, ita ke tasowa daga Bengu ta ji daga bakin yarinya, sannan ta kai masa. Kuma Gwaggo ba ta karɓar shiru. Ta ce shirun yarinya ya sha kai mutane inda ba su nufa ba, sai ta ji "su zo" ko "kada su zo" da kunnenta. Don haka komai yana rataye a harshena.

A tafiyarsa ta baya ya turo min hoto daga kasuwar Kwatano. Tabarmar roba ce shuɗiya, da zanen ganye a gefe, da ɗan tabo fari a kusurwa ɗaya.

"Ta giginyata ce, don ta daina faɗuwa a kan zane," ya rubuta.

Na kalli hoton nan har na haddace tabon. Da ya dawo ya zo da abarba da ayaba na Inna, da turare na Baba, amma ba tabarma. Na daure na tambaya. Ya fashe da dariya.

"Wata ɓarauniya ta tare ni a gida. Za ki gan ta da idonki, ki san yadda za ki yi da ita."

"Wace ɓarauniya?"

"Ke dai ki shirya bakinki," ya ce, ya canza zance. Kashegari ya sake komawa Kwatano.

Ranar Asabar na shiga gidan Tanti, na shimfiɗa zanena kusa da randa. Salima ta shigo da ƙunshi a hammata, ta wuce gaba, ta warware shi a hankali, kamar mai shanya lefe. Shuɗiya. Zanen ganye. Ga tabon a kusurwa.

Firdausi mai ɗinki ta ce, "Kai, Salima, wannan daga ina?"

Salima ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi.

"Mijina ne ya kawo min daga Kwatano. Ai duk abin da ya shigo gidanmu nawa ne, sai wanda na ga dama na bari."

Matan suka kwashe da dariya, wasu har da tafi, duk suka juyo suna jiran in ce wani abu. Jama'a, ni 'yar Gaya ce, na san wasan taubasai. Na san taubashiya tana kiran taubashinta miji a gaban kowa, ta ƙwace masa hula, ta cinye masa nama, ba mai cewa uffan. Na kuma ji cewa a danginsu Zahradeen tsarabar farko da saurayi ya kawo wa budurwa, taubashiya ce ke kama ta, budurwar ta zo ta fanso da baki, a yi ta tsiya ana dariya, daga nan ta zama 'yar gida. Abin da ake jira kenan. In ce mata ɓarauniya, in ce ta riƙe tabarmar ni na riƙe mai tabarmar, a yi shewa a wuce wurin.

Na yi wani yaƙe, na sunkuyar da kai ina gyara zanen da ba abin da ya same shi. Dariyar ta mutu a hankali. Tanti ta tafa hannu ta ce a fara.

Ranar ban ji ko kalma ɗaya daga bakin Tanti ba. Ina kallon ƙafafun Salima, da jan lallensu, a kan tabarmata. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. 'Yar duwan kuwa ta samu babbar mota, ta ce a sauke komai. Wasa ne? To auren taubasai nawa kika halarta a garin nan, ba da wasan suka fara ba? A ina ta ga tabarmar, ba a ɗakinsa ba? Me ya kai ta ɗakinsa? Me ya sa ya yi dariya da kika tambaye shi? Ya gan ta ya gan ki, tsakani da Allah wa zai zaɓa? Ke ko wasan ma kin kasa mayarwa, kin tsaya kamar an dasa ki, duk aji ya ga ke ba kowa ba ce.

Haka na ƙare makon. Na bi hotunan da Salima ke sawa a salula ina buɗe su da yatsa ina duba bayanta, ko zan ga ƙofar ɗakinsa. Na koma tsofaffin saƙonninsa ina neman ranar da ya fara rage min kalmomi. A biro na bar kuskure ya wuce a takardar wani mai shinkafa, patron ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mansura, lafiya?" Inna ta yi dambu da zogale, wanda nake mutuwar so, na ci loma biyu na ture.

Ana cikin haka Gwaggo Yalwa ta sauka, da ƙullin muruci da rake, da butarta da ba ta rabuwa da ita. Da safe, bayan ta sha kununta, ta kira ni ɗakin Inna. Tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu.

"Ɗiyata, kin san abin da ya kawo ni. Su zo, ko kada su zo?"

Na kalli kwanukan samira da ke jere a kabad ɗin Inna.

"Gwaggo, ki ba ni zuwa magariba."

Ta tsayar da carbin. "Yaron da aka ce min idan an ambaci sunanshi kina ƙone miya? Mi ya faru?"

"Ba komai."

"To. Ba-komai ɗin nan ki tafi da shi ki dawo min da magana. Gobe da sassafe zan koma, gonata ba ta jiran kowa."

Na fita na shiga ɗakina na turo ƙofa. A nan ne na yi abin da na ce za ku janye maganarku. Na ɗauki salula, na danna, na yi masa bokal, wato saƙon murya. Ban tsara ba, 'yar duwan ce ta yi magana da bakina.

"Zahradeen, na gode da wulaƙanci. Ka saya min abu ka ba wata, ta zo gaban mutane tana kiranka miji. Kada ka ce min wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Macen da ke shiga ɗakin namiji ta ɗauko kaya ta fito, kowa ya san abin da ke kai ta. Ku daina ɓoyewa a bayan taubasantaka. Ka je ka auri Salimarka, kada ka wahalar da Kawu zuwa gidanmu."

Na tura. Alama ɗaya ta fito, wato bai shiga ba. Na san dalili. Idan ya baro Kwatano ba ya ƙara sayen forfe, wato kuɗin intanet, sai ya iso Malanbil, bakin kogin iyaka, rezo ɗinmu, layin wayar ƙasarmu, ya kama shi, saƙonni su zubo masa gaba ɗaya. A lissafina sai gobe zai iso. Na ji wani sanyi-sanyi na mugunta, na yi wanka na tafi biro.

Da la'asar kamar kada in je aji. Amma na ce idan ban je ba Salima za ta ce ta kore ni. Na sa atamfata mai ruwan goro a kan wandon, na ja kwalli, na fesa turare, sai ka ce gidan biki za ni ba wurin gumi ba.

Tanti Ikilima ba ta da yawan magana amma idonta ba ya barci. Muna cikin zaman numfashi ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗora tafin hannunta a kafaɗata ta danna ƙasa.

"Sauke su. Kin ɗauko duk kamiyon Gaya a nan."

"Tanti, kaina ne ba ya yin shiru."

"Wa ya ce ya yi shiru? Ni ma nawa ba ya yi. Ke dai kina zaune bakin hanya ne, motoci suna wucewa. Ba kowace za ki tsayar ki sauke wa kaya ba, nan ba biro ba ne. Ki gan ta, ki ce ga wata, ki ja numfashi, ta wuce."

Ta sha gaya min haka. Na ce to, a raina ina cewa ita ba a ƙwace mata tabarma ba.

Sai ta miƙe ta ce yau tsayuwar giginya bibbiyu za a yi, kowa ta jingina da 'yar'uwarta, kafaɗa da kafaɗa, tafin hannu a haɗe a sama. Ta fara haɗa mutane. Na san abin da za ta yi tun kafin ta yi.

"Mansura, taho gaba. Ke da Salima."

Na taka tabarmata a karon farko, kuma a matsayin baƙuwa. Laushinta ya ƙara min haushi. Salima ta matsa min ba ta dube ni ba. Muka haɗa kafaɗa, na ɗaga ƙafa ɗaya na dafe ta a cinya, muka haɗa tafin hannu. Na shirya faɗuwa, na shirya jin dariya.

Sai na ji rawa. Na zaci tawa ce. Na ja numfashi yadda Tanti ta ce, na saki, na saurara da kyau. Ba tawa ba ce. Hannun Salima ne ke karkarwa a cikin nawa, tafinta sharkaf da gumi mai sanyi. Numfashinta gajere-gajere, kamar na wadda ta yi gudu. Daga baya, kusa da randa, ban taɓa ganin wannan ba, bayanta kawai nake gani. Nauyinta ya dinga zubowa a kafaɗata, har na gane cewa ni ce ke riƙe da ita. Na kafa ƙafata, na riƙe ta. Ban faɗi ba, jama'a. Ranar farko kenan da ban faɗi ba.

Da aka tashi mata suka watse, Tanti ta shige ɗaki ta bar mu da gangan. Salima ta durƙusa tana naɗe tabarmar. Ta ɗaure ta da igiyarta ta miƙo min.

"Karɓi kayanki. Na jira ki zo ki zage ni, kin ƙi."

"Ban iya wasan ba," na ce, muryata a bushe.

"Ni ma na gaji da shi." Ta zauna a kan tushen mangwaron, ta cire ɗankwali tana fifita da shi. "Ban shiga ɗakinsa ba, in abin da ke ranki kenan. A tsakar gida ya sauke tsaraba gaban Baba da kowa, aka ce ina taubashiya, ta zo ta yi aikinta. Na ɗauka ana dariya. In ban ɗauka ba a ce lafiya?"

Kunya ta fara hawa min daga ƙafa.

"Kin san me ya kawo ni ajin nan?" ta ce. "Barci ne ya ƙaurace min tun ranar da ya zo ya gaya wa Baba ya ga wata a biron tiranzit. Innarsa ta so a haɗa mu, tun muna yara ake faɗa. Ya ce shi Salima ƙanwarsa ce, ba zai iya ba. A gabana ya faɗa, yana dariya, yana jan kunnena. Ni ma na yi dariya." Ta goge ido da gefen ɗankwalin. "Mijina ɗin nan da kike ji ina faɗa, a wasa kaɗai aka yarda in faɗe shi. Shi bai sani ba, Baba bai sani ba. Ke ma da ba ki ji hannuna ba da ba za ki sani ba."

"Salima..."

"Kullum ina gaba ina jin idonki a bayana. In ce ga ta can, mai aikin biro, mai faransanci, mai diri, wadda ya zaɓa. Ni me na iya ban da lanƙwasa? Ko waiwayowa ba na son yi."

Wayyo Allah. Ni ina baya ina cin raina a kan wuyanta, ita tana gaba tana cin ranta a kan ƙuguna. Ba zan yi muku ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Jin cewa da gaske tana son sa ya soke ni fiye da dā. Amma yanzu na san gaskiyar inda yake: ita ke so, shi bai ba ta komai ba, ita kuma ba ta ɗauki komai ba sai tabarmar da aka ce ta ɗauka.

"Ki rufa min asiri," ta ce ta miƙe. "Zai wuce. Ranar bikinku ni zan fi kowa rawa, ki zuba ido."

Ta yafa mayafinta ta fita. Ina tsaye da tabarma a hannu sai bokal ɗin ya faɗo min a rai. Innalillahi! Na zazzage jaka a ƙasa, na ɗauko salula. In goge shi kafin ya iso Malanbil, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani.

Alama biyu. Shuɗaye. Ya shiga, kuma an saurara.

Ban san yadda na iso gida ba. 'Yar duwan tana ta ihu a kunnena: kin kashe aurenki da bakinki, banza, mahaukaciya, dama ba ki cancance shi ba. Na shiga zaure na jingina da bango. Na ce a raina, ga wata. Na ja numfashi har cikina ya cika, na sake shi a hankali. Ga wata kuma. Ban tsayar da ko ɗaya ba. Ba su daina zuwa ba, amma na bar bangon na shige ciki.

Gwaggo tana tsakar gida tana alwala da butarta. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi tabarmar.

"To, ɗiyata?"

Ban san ko har yanzu akwai masu zuwan ba. Ban san me ya yanke ba. Amma tambayar da aka yi min ba tasa ba ce, tawa ce, kuma na san amsarta.

"Su zo, Gwaggo."

"Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Su zo!"

"Madalla," ta ce, ta ci gaba da wanke ƙafarta.

Salula ta yi ƙara a hannuna. Sunansa. Na koma zaure na ɗauka.

"Zahradeen, don Allah ka saurare ni, saƙon nan..."

"Mansura." Ban taɓa jin muryarsa ba dariya a ciki ba sai ranar. "An sallame mu da wuri, na iso Malanbil da azahar. Na tarar da Kawu a can ya je sayen doya, na ɗauko shi. Kin san salulata a haɗe take da rediyon mota. Na ga saƙonki, na ce Kawu bari ka ji muryar surukarka."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Ya ji duka?"

"Har ƙarshe. Na kai hannu in kashe, ya riƙe min hannu. Tun daga kan gada bai ce min komai ba. Da na sauke shi yanzu ya ce ba zai taka gidanku ba, kuma yau Salima za ta gaya masa abin da ke kai ta ɗakin maza." Ina jin ƙarar injin a bayansa. "Ni abin da kika ce a kaina, za mu yi maganarsa. Amma yarinyar nan ba ta yi miki komai ba, Mansura. Kin san Kawu a kan sunan gidansa."

Ya kashe.

Salima tana hanya a lokacin, da ƙafa, tana tafiya gida da zuciyar da ta sauke kaya, ba ta san abin da na aika ya riga ta isa ba. Kuma idan Kawu ya tsare ta da tambaya, yarinyar da hannunta ke rawa a tsayuwar giginya, me zai fito daga bakinta? Abin da ta roƙe ni in rufe.

'Yar duwan ta buɗe baki za ta fara. Na ce mata ba yanzu ba. Na miƙe, na kakkaɓe atamfata, na saɓa tabarmar a kafaɗa. Inna ta leƙo tana tambayar ina za ni ga magariba ta kawo kai, na ce mata na ɓata wani abu ne zan je in gyara. A bakin titi na tare mai babur, ɗan kabu-kabu, na ce unguwar su Kawu Dodo, kuma ya yi sauri.

A kan moto na shirya jawabi kala-kala, iska ta kwashe su duka. Abin da ya rage min kaɗan ne: ƙarya na yi mata, kishi ne ya sa ni, ita wasan gidanku kawai ta yi, ni ce ban iya ba. Sauran kuwa, abin da aka faɗa a ƙarƙashin mangwaro, ko Zahradeen ba zai ji shi daga bakina ba.

Na sauka a ƙofar gidan. Buhun doya yana yashe a zaure ba wanda ya shigar da shi. Takalman Salima suna bakin ƙofar tsakar gida, ɗaya a kife. Daga ciki na ji muryar Kawu, ba da ƙarfi ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Salima. Ajiye mayafin nan ki zo nan ki durƙusa."

Na kafa ƙafafuna a ƙasa, na sauke kafaɗuna, na ja numfashi ɗaya. Sannan na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Salamu alaikum. Kawu, ni ce Mansura. Ni ce mai muryar."